Musun Masu Babur Ɗin Ƙanƙara: Gudu Ko Jin Daɗin Zama?

A watan Janairu, lokacin da mu a nan muke kukan hunturu muna shafa basilin a leɓe, akwai garuruwa a arewacin Kanada da jihar Alaska ta Amurka da ƙasar Finlan inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wani zubin har 40. Dusar ƙanƙara takan rufe hanya ruf, tafkuna da koguna su daskare su zama kamar daɓe. Mota ba ta iya ratsa dajin, mai tafiya a ƙasa kuwa sai ya riƙa nutsewa har gwiwa, wani wurin har ƙugu. Abin hawan mutanen can a irin wannan lokaci shi ne wanda Turawa ke kira snowmobile, mu kuma za mu kira shi babur ɗin ƙanƙara.

Mun ce babur ne saboda ana hawansa a warware ƙafa kamar babur, kuma da kansa ake juya shi. Amma ba shi da taya ko ɗaya. A gabansa akwai alluna biyu masu santsi da ke zamewa a kan ƙanƙara, su ne ke bin inda aka juya kai. A bayansa kuma, ƙarƙashin mazauni, akwai wani faffaɗan bel na roba mai haƙora, irin ƙafar katafila, wanda inji ke juyawa yana tura babur ɗin gaba. Totur ɗinsa ba a murɗa shi, da babban yatsan hannun dama ake danna shi, birki kuma yana hannun hagu. Ba a canza masa giya. Wani bel ne tsakanin faifai biyu ke yin wannan aiki da kansa, kamar yadda ƙananan baburan nan marasa kuloci suke.

Masu sha'awar wannan abin hawa suna da musun da ba ya ƙarewa. Duk wanda ya taɓa zama a bakin makaranta ya ji ana gardama a kan wane babur ne ya fi, zai gane irinsa nan take. Sunaye huɗu ne suka daɗe a bakinsu: Ski-Doo na Kanada, Polaris da Arctic Cat na Amurka, sai Yamaha na Japan. A ƙasashen arewacin Turai ana ƙara na biyar, wato Lynx, wanda ake ƙerawa a birnin Rovaniemi na Finlan. Kowa da gwaninsa, kuma sau da yawa ɗa kan gaji gwanin ubansa.

Asalin abin kuwa ba wasa ne ya kawo shi ba. Joseph-Armand Bombardier makanike ne a wani ƙauye mai suna Valcourt a lardin Kebek na Kanada. A hunturun 1934 ɗansa Yvon, mai shekara biyu, ya kamu da ciwon ciki mai tsanani. Ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, ba a iya kai yaron ba, ya rasu. Bombardier dama ya daɗe yana gwaje-gwajen abin da zai yi tafiya a kan ƙanƙara, to daga nan ya duƙufa. A 1937 ya fito da wata mota mai bel da ke ɗaukar mutum bakwai, likitoci da masu kai wasiƙu suka yi ta saye. Sai a 1959 ya fito da ƙarami na mutum ɗaya ko biyu, wato Ski-Doo. A can Amurka ma, a garin Roseau na jihar Minnesota, kamfanin Polaris ya fara ƙera nasa a tsakiyar shekarun 1950. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Edgar Hetteen, ya bar kamfanin a 1960 ya je garin Thief River Falls ya kafa nasa, wanda ya zama Arctic Cat. Ashe gasar tun daga cikin gida ta faro.

Sirrin yana ƙarƙashi

Idan sabon shiga ya tambayi wane ne ya fi, tsofaffin mahaya ba sa ba shi sunan kamfani. Tambaya suke mayar masa: a ina za ka hau? Dalilin wannan tambaya yana cikin darasin kimiyyar lissafi da aka koya mana a aji huɗu, inda aka ce idan aka baza nauyi a kan wuri mai faɗi, dannawarsa takan ragu. Shi ya sa raƙumi ba ya nutsewa a rairayi kamar yadda jaki ke yi. Babur ɗin ƙanƙara ya ninka mutum nauyi, amma yana wucewa ta saman ƙanƙarar da mutum zai nutse a cikinta, saboda bel ɗinsa ya baza nauyin. Saboda haka tsawon bel da faɗinsa da tsayin haƙoransa su ne farkon abin da ake dubawa, tun kafin a zo maganar inji.

Akwai na hanya. A lardin Kebek kaɗai akwai hanyoyin babur ɗin ƙanƙara da suka haura kilomita 33,000, waɗanda ƙungiyoyin mahaya ke bi da manyan injuna suna daddaɓewa. A irin wannan hanya mai tauri ake hawan MXZ na Ski-Doo, ko Indy na Polaris, ko ZR na Arctic Cat. Bel ɗinsu gajere ne, inci 129 zuwa 137 idan aka auna zagayensa, haƙoransa kuma ba su fi inci ɗaya da ɗan wani abu ba. An ware allunan gabansu sosai, wajen inci 42 ko 43 tsakani, don kada su kife idan an sha kwana da gudu. A ƙarƙashin kowane allo akwai wani ƙarfe mai kaifi da ke cizon ƙanƙara, in ba don shi ba da an juya kai sai babur ya ci gaba da tafiya miƙe.

Akwai na dutse, kamar Summit na Ski-Doo da RMK na Polaris. Waɗannan an yi su ne don duwatsun yammacin Amurka da Kanada, inda ƙanƙara ke zuba ta tara zurfin da ya fi tsawon mutum, ga ta da laushi kamar garin fulawa. Bel ɗinsu kan kai inci 154 ko 165, wani har 175, haƙoransa kuma sun kusa inci uku, suna kwasar ƙanƙara kamar cebur. An matse allunan gabansu kusa da juna da gangan, don mahayi ya iya karkata babur ɗin ya bi ta gefen gangara. An kuma cire musu duk abin da za a iya cirewa don su yi sauƙi, har nauyin wasu bai kai kilo 200 ba idan babu mai a ciki. Mazauninsu ɗan mitsitsi ne, domin mahayin dutse a tsaye yake wuni, yana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan.

To a nan ne musun yake yin daɗi. Ka ɗauki na dutse ka hau da shi hanya mai tauri, sai ya riƙa rawa, kwana ta gagare shi, haƙoran bel su fara yagewa, inji kuma ya yi zafi. Wannan na ƙarshe ya ba mu mamaki da farko: ta yaya inji zai yi zafi a ƙasar da komai ya daskare? Ashe yawancin waɗannan babura ba su da lagireto irin na mota. Bututun ruwan inji an shimfiɗa su ne a saman bel, bel ɗin yana watsa musu ƙanƙara tana sanyaya su. Idan hanya ta yi tauri babu abin watsawa, sai zafi ya hau. Shi ya sa ake ɗaura musu wasu ƙarafa da ke jan ƙasa suna kankaro ƙanƙara. Haka kuma ka ɗauki na hanya ka shiga da shi ƙanƙara mai laushi, yana danna totur zai haƙa wa kansa rami ya zauna a ciki. Fito da shi aiki ne na mutum biyu da cebur da gumi, shi kuwa gumi a cikin irin wannan sanyi masifa ne, domin yakan daskare a jiki.

Kamfanoni sun yi na tsaka-tsaki, irin su Renegade da Switchback, masu bel mai matsakaicin tsawo. Suna iya hanya, suna ɗan iya daji. Masu tsattsauran ra'ayi a ɓangarorin biyu sukan yi musu kallon jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Mu dai a ganinmu, ga mai kuɗin sayen guda ɗaya tak, babu laifi a jemagen.

Bugu biyu da bugu huɗu

Musu na biyu a kan inji ne, kuma wannan mun san shi a gida. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, mai ƙara da hayaƙi, shi ne inji mai bugu biyu. Wanda ake zuba masa baƙin mai daban, kamar na mota da yawancin baburan haya, shi ne mai bugu huɗu. Mai bugu biyu yana ƙona mai a kowane juyi, mai bugu huɗu kuwa sai an yi juyi biyu. Saboda haka mai bugu biyu ya fi ba da ƙarfi idan aka kwatanta da nauyinsa, ga shi da saurin amsa totur. Injin Rotax 850 da ake sa wa Ski-Doo yana ba da ƙarfin doki kusan 165, wato ya fi na motoci da yawa da ke bin titunanmu. Aibinsa shi ne yana shan baƙin mai tare da fetur, kuma ba ya daɗewa kamar ɗan uwansa kafin a buɗe shi.

Yamaha ne ya fi kowa rungumar bugu huɗu. A 2003 ya fito da RX-1, wanda aka samo fasalin injinsa daga babur ɗin tserensa na titi. Daga baya ya yi Sidewinder, mai silinda uku da tobo, wanda ƙarfinsa ya kai na doki 200 ko kusa da haka. A kan daskararren tafki, inda babu kwana babu rami, irin wannan yakan wuce kilomita 160 a awa. Ba shi da hayaƙi sosai, ba ya cika kunne da ƙara, kuma yana shekaru ba a taɓa cikinsa ba. To amma nauyi ne da shi, nauyin kuma a gaba yake, a kan allunan, don haka bayan awa shida ana juya shi kafaɗu za su ba da labari. Idan kuwa ya maƙale, sai a tausaya wa mai shi. Masoyan Yamaha sun ji babu daɗi a 2023, lokacin da kamfanin ya sanar cewa samfurin 2025 shi ne na ƙarshe, bayan ya shafe tun 1968 yana wannan sana'a.

Shi tobo fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, tana cusa ƙarin iska a cikin inji. Amfaninsa ya fi fitowa a kan dutse, inda iska ke raguwa. Inji mara tobo yakan rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Wanda ya hau mita 3,000 ke nan ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na dawakinsa a hanya. A 2020 Ski-Doo ya fito da inji mai bugu biyu da tobo tun daga masana'anta, Polaris ma ya biyo baya.

Ga wani abin dariya. Dokar Kebek ta hana wuce kilomita 70 a awa a kan hanyoyin nan, a lardin Ontario kuwa 50 ne. Mutum ya biya sama da dala 15,000 don dawaki 200, alhali doka ba ta yarda ya saki ko rabinsu ba.

Baya da gwiwa da yatsu

Matasa sukan fara da tambayar gudu. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan tambayi yadda bayansu zai kasance da yamma. Hanyar da aka daddaɓe da safe, kafin la'asar ɗaruruwan babura sun mayar da ita kunya-kunya kamar gonar dawa. Baburan farko ba su da wata shakazoba ta kirki, duk ramin da aka faɗa a ƙashin bayan mahayi yake sauka. A 1966 Arctic Cat ya kawo dabarar sa bel ya riƙa zamewa a kan dogayen ƙarafa biyu masu shakazoba, a 1980 kuma Polaris ya fito da Indy, wanda kowane allon gabansa ke hawa da sauka shi kaɗai ba tare da ya ja ɗan uwansa ba.

Amma canjin da ya fi girma bai shafi ƙarfe sosai ba, wurin zama ya shafa. A da mahayi yana zama ne can baya, ƙafafunsa miƙe a gaba, kamar mai zaune a tabarma. A haka ba ya iya miƙewa idan ya hango rami. A 2003 Ski-Doo ya fito da ƙirar da ya kira REV, ya matso da mahayi gaba ya ɗaga shi sama, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ƙafafunsa suka dawo ƙarƙashinsa. Yanzu da ya ga rami sai ya ɗan ɗaga, gwiwoyi su shanye bugun. Da farko wasu sun yi wa siffarsa dariya. Cikin ƴan shekaru sauran kamfanonin duk suka bi sahu.

Sai maganar sanyi, wadda a can ba ta jin daɗi ce kawai ba. Iskar da ke bugun mai gudu a digiri 25 ƙasa da sifili tana iya daskarar da fatar da ba a rufe ba cikin mintuna. Saboda haka ana sa wa mariƙin hannu waya mai ɗumi, har da ɗan wurin da babban yatsa ke dannawa. Baburan doguwar tafiya, irin su Grand Touring, suna da dogon gilashi mai tare iska, da mazauni na biyu mai majingina, wani ma mazaunin kansa yana ɗumi. Samari sukan raina su, su ce na tsofaffi ne, su zaɓi mai ɗan guntun gilashi saboda ya fi kyan gani a hoto. Mun tabbata da mu ne a can, a layin masu dogon gilashi za a same mu.

Waɗanda ba don nishaɗi suke hawa ba

Akwai rukuni na uku da ba a cika jin muryarsa a musun ba. Su ne mutanen Inuwit na arewacin Kanada, da mazauna ƙauyukan Alaska da babu titin da ya haɗa su da birni, da Samawa, wato al'ummar Sami ta arewacin Norwe da Suwidin da Finlan, masu kiwon rendiya, wata dabba dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa. Su babur ɗin ƙanƙara shi ne jakinsu, shi ne motarsu. Da shi suke farauta, suke ɗebo itace, suke bin garke. Abin da suke saye shi ne irin su Skandic na Ski-Doo ko VK540 na Yamaha. Faɗin bel ɗin waɗannan inci 20 ne, wani 24, maimakon 15 da aka saba. Suna da ƙaramar giya ta jan kaya, kuma da yawansu fanka ce ke sanyaya injinsu, don haka ba ruwansu da ko akwai ƙanƙarar watsawa ko babu. Ba su da gudu, ba su da kyau. Abin da mai shi ke nema shi ne ya tashi da asuba a digiri 40 ƙasa da sifili, kuma in ya lalace ya gyaru da sifana da filaya. Mutumin da babur ɗinsa ya mutu kilomita 80 daga gida, a wurin da waya ba ta kamawa, ransa ne a kan siraɗi. Shi ya sa ba a fita sai da bel na canji da fulogi da igiya.

Su ma sun biya farashi. Wani masanin halayyar al'umma mai suna Pertti Pelto ya zauna da Samawan yankin Sevettijärvi na Finlan, ya kuma wallafa littafi a 1973 a kan abin da ya gani. Babur ɗin ya shigo musu a farkon shekarun 1960, kafin shekara goma ya kori tsohuwar hanyar kiwo ta bin garke a kan allunan zamiya da keken da rendiya ke ja. Tafiyar kwanaki ta koma ta awoyi. To amma rendiya ciyawar daji take ci, babur kuwa fetur yake sha, fetur kuma sai da kuɗi. Makiyaya suka riƙa yanka dabbobi da yawa don biyan babur da mai da gyara. Dabbobin da ake kora da ƙarar inji suka daina sabo da mutane. Iyalan da ba su iya saye ba suka fita daga kiwon gaba ɗaya.

Masu hawa don nishaɗi ma ƙarfin injin ya buɗe musu ƙofar da a da take rufe. Babur ɗin dutse na yau yana kai mutum gangaren da kakanninsa ba su taɓa takawa da hunturu ba, a can kuwa ƙanƙara kan zaftare ta binne mutum cikin daƙiƙoƙi. A Amurka da Kanada mahaya babur suna cikin waɗanda zaftarewar ƙanƙara ta fi kashewa. Saboda haka mahayin dutse mai hankali yana ɗaukar na'urar da ke nuna inda aka binne shi, da sandar lalube, da cebur, kuma ba ya fita shi kaɗai. Ko a gasar Iron Dog ta Alaska, wadda aka fara a 1984 kuma ake shafe sama da mil 2,000, ba a yarda mutum ya shiga shi ɗaya ba. Biyu-biyu ake yi, kowa da babur ɗinsa.

Yanzu an fara yin masu aiki da batir. Ba su da ƙara ko hayaƙi, amma na Ski-Doo da ya fito a 2024 tafiyarsa ba ta wuce kilomita 50 kafin a sake yi masa caji, don haka masu yawo da baƙi a kusa da gari ne suka fi amfana da shi. Makiyayi bai kai ga kallonsa ba tukuna.

A lokacin da muke haɗa wannan rubutu, labarin Ralph Plaisted ne ya fi tsaya mana a rai. Dillalin inshora ne daga Minnesota. Ya gwada zuwa ƙuryar arewacin duniya a 1967 bai kai ba, ya sake ɗaura ɗamara a shekarar da ta biyo. Shi da abokan tafiyarsa suka tashi daga tsibirin Ward Hunt da ke ƙarshen arewacin Kanada, suka shafe sama da kwana 40 a kan daskararren teku, suna sassare tudun ƙanƙara, suna neman hanyar tsallake wuraren da ta tsage ruwa ya bayyana. A ranar 19 ga Afrilu, 1968 suka isa, wani jirgin sojan saman Amurka kuma ya zo ya tabbatar da inda suke. Baburan da suka kai su ƙananan Ski-Doo ne masu silinda ɗaya, kowanne ƙarfin doki 16.